Baba Ya Koma Shagon Aski

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan sai godiya.

Ka tambayi jikin Baba. Ƙafar ta warware, amma hannun dama, tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta taɓa shi, har yau bai dawo ba. Abin da ya fi damuna zaman da yake yi yana kallon bango. Abokansa kan zo dubiya, kowa ya ce "sai haƙuri", su tafi su bar shi jiki ya ƙara mutuwa. Shagon askin kuwa yana nan a kulle.

Shekaranjiya na leƙa ɗakinsa, na gan shi da almakashi a hannun hagu yana rage wa tsintsiya baki. Na yi kamar ban gani ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina yi maka fatan alheri. Yau bakina ya ƙi rufuwa!

Ka tuna maƙwabcinmu Mai Kaji, wanda ba sa ga-maciji da Baba tun muna yara? Jiya da hantsi ya faɗo gidan, ko sannu babu, ya ce, "An ce ka gama yawo. Ga kaina, in ka isa."

Baba ya fusata, ya ce in miƙo makullin shago, muka je muka buɗe. Na goge madubi, Mai Kaji ya hau kujera. Baba ya ɗauki injin aski da hannun hagu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, mutane sun cika ƙofa. Na san in ya ajiye injin nan, ya ajiye ke nan. Bai ajiye ba, Yaya! Ya gama, ko da yake ya zabtare wani wuri a saman kunne.

Mai Kaji ya dubi madubi ya ce, "Da hannu biyu ma haka kake ɓata wa mutane kai." Sai ya cusa hularsa a aljihu, ya bi layi daga farko har ƙarshe kai a buɗe. Kafin la'asar mutum uku sun zo aski.

Ɗan Adam sai Allah. Masu ƙaunarsa sun kwantar da shi da tausayi, abokin faɗansa ya tashe shi. Ni dai yau ko'ina na bi, so nake a tambaye ni 'yar waye.

Baba ya ga hotonka, ya ce sumarka ta yi yawa. In za ka zo, kada ka kuskura ka yi aski a hanya.

Taka har kullum,
Auta