Saniyar Zulhumor

Arslanbob, bayan narkewar ƙanƙara

Zuwa ga 'yata Dilorom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya maigidanki da yara? Ni Goggonki Tursunoy lafiya lau, in ban da gwiwa. Na ba direban motar Osh takardar nan da ƙunshin busasshiyar tuffa. In kin ga ƙunshin ya rame a hanya, shi za ki tambaya.

Kin ce in gaya miki gaskiya game da mahaifinki. Tun rasuwar mamanki bara Eshmurod bai taka daji ba. Baƙar ƙasar nan da ke kwance kan farin dutse ta sha ruwa ta ƙoshi, na'ana'a ta cika bakin ƙorama, tuffar daji ta yi fure har gangaren ya koma kamar an shanya auduga. Mata suna dawowa da naman kaza cike da haɓar zane. Shi kuwa ƙanen nan nawa yana gindin bango yana kallon butar shayi. Ma'aikatan gandun daji sun aiko cewa in ba a kula da yankinku ba bana, wani za su ba. Wurin da kakanmu ya riƙe! Na gaya masa, ya ce, "Su bayar, Yaya."

To jiya Allah ya kawo magani ta inda ban zata ba. Kin tuna Zulhumor, matar marigayi mai gasa gurasa? Saniyarta ta shiga yankinku ta bi 'yan itatuwan yongok, gyaɗar bishiyar nan tamu, da shi da mamanki suka dasa, ta cinye musu kai. Ina faɗa masa ya miƙe, ko hula bai ɗauka ba. Na bi shi ina haki har ƙofar gidanta.

Ya ce, "Ke Zulhumor, saniya kike kiwo ko fari?"

Ta leƙo da ƙullun gurasa a hannu ta ce, "Au, Eshmurod, ashe kana raye? Na ɗauka wurin ba mai shi. Ita ma saniyar haka ta ɗauka."

Rabona da jin muryarsa da ƙarfi haka an fi shekara. Ya dawo ya cinye kwanon miya yana mita, ya nemi ƙari. Yau tun da hantsi ya ɗauki gatari ya hau daji.

Ki gaishe min da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Goggonki

*

Osh

Zuwa ga Goggo Tursunoy,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ya gwiwar? Tuffa ta iso, direba ya bar mana rabi, mun gode.

Goggo, ke abin dariya ya ba ki, ni kuka na yi. Ina wurin ranar da aka dasa itatuwan nan. Mama ce ta haƙa ramukan tana fitar da fararen duwatsu da hannu, tana cewa ita ba za ta ci 'ya'yansu ba amma jikokinta za su fasa. Don Allah ki hau ki duba min, akwai wanda ya tsira?

Na yi murna da Baba ya tashi, sai dai kin san jininsa yana hawa. Ga magani nan, ki tsaya a kansa ya sha. Ita kuma matar nan a ja mata kunne, Baba ba sa'an wasanta ba ne.

Ki huta lafiya.

'Yarki Dilorom

*

Daga bukka a cikin daji, lokacin kaka

'Yata Dilorom,

Sallama da gaisuwa. Ki yafe min shirun da na yi da baƙin yatsun da za ki gani a takarda. Garin duk ya tare a daji ana kaɗe yongok, ɓawon ya rina hannun kowa har liman.

Itatuwan mamanki sun tsira, in ban da biyu. Sun sake tohowa daga ƙasa, yanzu sun kai ƙuguna. Ga yadda aka yi. Mahaifinki ya fara shinge, sai ga Zulhumor da jaki ɗauke da sanduna. Ta ce tunda saniyarta ce ta yi ɓarna, rabin aikin nata ne. Ya ce ba ya so. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba. Tun daga nan ba ranar da ba su yi faɗa ba. Shi ya ce a sare ƙayar furen daji da ta rufe hanya, ita ta ce a bar ta, da 'ya'yanta take shayin mura. Shi ya ce ta ɗaura igiya a karkace, ita ta ce idonsa ne a karkace. Shingen da za a gama cikin mako ya cinye damina sukutum. An gama shi ma, sai suka gano wai ƙofar ba ta zauna daidai ba.

Ma'aikatan daji sun zo sun gani, wurin yana hannunku. Har ma mahaifinki ya yi wa tuffar daji aure da reshen jar tuffar gidan Zulhumor, ya kama.

Kin ce a ja mata kunne. 'Yata, na makara. Ranar Juma'a na tarar ya rage gemu yana shafa turare. Na ce, "Malam, itatuwan ne suka ce kana wari?" Ya ce, "Yaya, ki bar ni." Da azahar Zulhumor ta aiko da samsa, gurasar nan mai cushen na'ana'a da albasa, irin wadda ya ce duk duniya ba ya ci. Ya share faranti. Na ce masa, "Kai tsoho, in magana ce ka yi ta, kafin sanyi ya kama ku kowa a ɗakinsa." Sai ya ce, "Dilorom fa?"

Kunyarki yake ji. Na zaunar da shi na ba shi alƙalami, ga takardarsa nan a ciki. Ita Zulhumor mace ce mai baki, amma na gan ta tana zuba wa itatuwan mamanki ruwa da guga lokacin da take zaton ba mai kallo.

Goggonki

*

Zuwa ga 'yata Dilorom,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Ina shan magani.

Yongok ya yi kyau bana. Na ware miki buhu daga babban itacen da ke kan ƙorama, mai ɓawo marar kauri. Tuffa ma ta yi. Shinge yana nan da ƙarfinsa.

Akwai wata magana. Na san Goggonki ta riga ni, don ba ta iya riƙe komai. Ina so in nemi auren Zulhumor. Ban manta da mahaifiyarki ba, kullum na hau daji ina ganin aikin hannunta. Ita Zulhumor ta ce ba za ta ba ni amsa ba sai ta ji daga bakinki. In ranki bai kwanta ba ki faɗa min, na bar maganar, ba kuma zan riƙe ki a zuciya ba.

Allah ya tsare ku.

Mahaifinki, Eshmurod

*

Osh

Zuwa ga Inna Zulhumor,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aikin kaka?

Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in iya rubuta wannan. Na amince, da zuciya ɗaya. Za mu zo da yara ranar da kuka sa.

Baba zai ce miki ba ya jin sanyi, kada ki yarda. Akwai barguna a akwatin Mama, ita ta ɗinka su, makullin yana wurin Goggo. Ki buɗe ku shimfiɗa, kada asu ya cinye su a banza.

Ki huta lafiya.

'Yarki Dilorom