Tulin Kanwar Bakin Hanya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ƙara na kawo miki, Inna. Ƙarar ɗanki Modu.

Kin tuna kwarinmu na bayan Maine, inda ruwa kan janye da rani, kanwa ta taso fari fat a kan ƙasa? Kina kankara muna tarawa, tana cin fason ƙafarmu muna ta raki. Da harshe kike tantance ta: fara ta wake ce da miyar kuɓewa, ja kuma ta raƙuma da shanu.

Tulin farko kuwa bai taɓa shiga buhu ba. A bakin hanya kike barinsa ba mai tsaro, kina cewa, "Wannan na mai jego ne da dabbar da ta rame. Wanda ya ɗiba kada a tambayi sunansa."

To, Modu ya kwashe tulin. Ya kewaye kwarin da ƙaya, kamiyo, babbar motar kaya, na zuwa yana lodawa har garin kanwar da ya zube ƙasa.

Ban sani ba sai da na jefa wata baiwar Allah cikin kunya. Falmata sunanta, rikici ya koro su daga ƙetaren kogin Komadugu suka yi bukka kusa da kwarin. Takan sayi tattasai a wurina nan Diffa. 'Yarta ta haihu, nono ya ƙi zuwa, ana neman kanwar kunu. Na bugi ƙirji na ce ta je ta ɗiba a tulin uwata.

Ta je. A gaban masu lodi Modu ya kira ta ɓarauniya. Modun da ya sha nonon da kunun kanwar nan ya kawo! Wallahi Inna, raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Guntun kanwar da kika ɗaure mini a gefen zane ranar haihuwata ta fari, wanda nake ajiye da shi don ƙanshin hannunki, shi na ba Falmata. Na san da kina nan da tuni kin yi mini faɗan ɓoye shi.

Da ruwa ya janye bana zan tafi Maine da makankarinki. Zan tara tulin a bakin hanya, in zauna gefensa. In Modu zai kwashe, ya zo ya kwashe ina kallonsa.

Allah ya jiƙanki, ya shiryi ɗanki, kada ya bari sadakarki ta yanke a hannunmu.

'Yarki mai kewarki,
Yagana