Wutar Karan Alkama A Kan Kabarina

Ni Stefaniya Danyluk, matar marigayi Wasil, nake rubuta wannan da hannuna a gidanmu na gona a jihar Saskatchewan, nan Yammacin ƙasar, hankalina garau, ba kuma wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kam yana nan daram, don haka kada wani ya tashi gobe ya ce maganin asibiti ne ya yi magana. Likita ya ce da wuya in ga narkewar ƙanƙarar bana. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Orest babba, mai noma gonar ubansa, Miron, direban jirgin ƙasa, da autata Lesiya, da aure ya kai ta jihar Kebek can Gabas, inda ake Faransanci, wadda rabona da jin muryarta tun shekarar yajin aiki.

Na ɗaya. Gida da rumbuna da injuna na Orest ne. Shi ya tsaya lokacin da kowa ya kama gabansa. Amma filin bakin rafi, wanda ya fi kowanne kyawun ƙasa, na bar wa Miron da Lesiya su biyu, kuma ban yarda a sayar wa bare ba. Orest, na san kai ka tsince duwatsun filin nan da hannunka, na san ranka zai ɓaci, kuma da gaskiyarka. Na tauye ka ina sane, ka yafe mini. So nake duk shekara ya zame maka dole ka ɗauki waya ka tambayi ƙannenka abin da za a shuka a can.

Na biyu. Allon nan da ka kafa a bakin titi, mai cewa Yamma ta ɓalle ta bar Gabas ta zama ƙasar kanta, ka sauke shi kafin a fito da gawata. Bayan nan in ka ga dama ka mayar, gonarka ce. Ba na cewa ƙarya kake yi. Mu ke noma, ƙasarmu ke fitar da mai, su kuma su zauna can nesa su yanke mana hukunci. Wannan karatu a teburina kuka haddace shi. Ubanku na kunna rediyo yana zagin mutanen Gabas, ni ina zuba muku miya ina cewa ƙwarai kuwa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana 'yata za ta zama ɗaya daga cikinsu ba.

Na uku, shi ne mai nauyin. Jikokina za su karanta wannan, kuma kowannenku ya gyara labarin ya yi daidai da bakinsa, to bari in faɗe shi yadda ya faru.

Shekarar yajin aikin nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, ƙanƙara ta sauko kan alkama tun tana tsaye. Abin da muka girbe jiƙaƙƙe ne, in ba a busar da shi da gas ba ruɓewa zai yi a rumbu. Ana cikin haka ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki. Hatsi ba ya fita, gas ba ya shigowa. Miron ya zo gida ranar, idanunsa jajir, na tare shi tun daga ƙofa na ce, "Kai da albashinka ke shigowa ko an yi ruwa ko an yi rana, me ka sani?" Ya ce, "Mama, da gyangyaɗi nake jan tankokin gas ta tsakiyar garuruwan mutane. Hutun barci kawai muke nema." Na ce masa manomi ma ba ya barci. Washegari Orest ya cika babbar mota da ruɓaɓɓiyar alkama ya juye a ƙofar gidan ƙanensa, a gaban matar Miron da 'ya'yansa. Ina gani ta taga lokacin da yake lodi. Na san inda za shi, na ci gaba da wanke-wankena.

Ran Lahadi muna cin abincin rana Lesiya ta bugo, Orest ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta tsakiyar tebur. Lesiya ta ce gas ɗin ɗumama ɗakunan kajinsu ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage a yankinsu an ce na asibitoci ne da gidajen tsofaffi, ga 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa, ita da mijinta Gaetan sun rasa inda za su sa kansu. Orest ya ce, "To ai ku kuka ce bututun manmu ba zai ratsa ƙasarku ba. Ki ce wa Gaetan ya rungume kajin ya yi musu Faransanci, sa ji ɗumi."

Ni kuwa na yi dariya. Ba murmushi ba, dariya har da buga tebur. Lesiya ta ce, "Mama, ke ce?" Ta kashe wayar.

'Yan tsakin sun mutu, ita da 'yarta Noemi suka kwashe su da shebur. Gaskiya ko mun so ba mu da abin aika mata, tankin Orest ma wayam yake, kuma ta san haka. Ba gas ta kira nema ba, uwarta ta kira. Na buga mata daga baya ba sau ɗaya ba, ba ta ɗauka, sai dai kowane saƙo da na bari da "ai ke ma kin san" nake fara shi, don bakina bai iya ba da haƙuri tsurarsa ba. Da ubanku ya rasu furanni ta aiko. Saboda haka ku daina cewa Lesiya ta yanke zumunci. Orest ya yi maganar, amma Orest wanta ne, sun saba faɗa tun suna yara. Dariyata ce ba ta iya haɗiyewa ba. Miron, kai ma ban taɓa ce maka ka yi gaskiya ba. To ka yi gaskiya, ɗana.

Na huɗu. Mayafin tebur mai ɗinkin ja da baƙi da uwata ta bar mini, na Noemi ne, ko da ba ta san fuskata sosai ba. Kajina ku ba maƙwabciyata Darlene, ta fi ku haƙuri da su. Mutanen gidan Friesen kuma, da suka yi mana gayya da injunansu suka girbe gonar lokacin da ubanku ke kwance, ranar da tasu ta same su kada ku jira a kira ku.

Na biyar, jana'izata. A maƙabartar cocinmu za ku sa ni, kusa da Wasil. Ƙasa za ta kasance daskare kamar dutse, sai an narka ta kafin a haƙa. Na san Orest zai ɗauko murhun gas ya kifa a wurin ya tafi harkarsa. Ban yarda ba. Ku yi mini yadda aka yi wa ubana: a tara karan alkama da itace a kan wurin, a rufa da kwanon rufi, a kunna wuta. Irin wannan wuta ba ta son a bar ta, sai ana ƙara mata kara ana juyawa har ta ci ƙasa. Mutum ɗaya ba ya iyawa, kuma ban yarda ku ɗauki ɗan haya ba. Orest ya kawo karan, Miron ya kawo itacen. Ko ba za ku yi magana ba ku tsaya tare. Sanyi ne, dole ku matso kusa da wutar.

Miron, kai za ka sanar da Lesiya, kai take ɗaukar wayarka. Ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake inda na yi dariya. Da farko na rubuta cewa kada a binne ni sai ta zo, ko da za a ajiye ni har bazara. Na soke. Ba zan ja ta da gawata ba. In ba ta zo ba ku binne ni ku biyu, kuma duk wanda ya buɗe baki ya zage ta a wurin ban yafe ba.

Allah ya yi muku albarka. Orest, Allah ya cika rumbunanka ya sanyaya maka zuciya. Miron, Allah ya kai ka ya dawo da kai lafiya, ya ba ka barci mai daɗi. Ku riƙe juna, gwamnati ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinku ba.

Lesiya, autata, na yi miki laifi, ba kuma "ai ke ma kin san" a wannan karon. Filinki naki ne ko kin zo ko ba ki zo ba, albarkata ma haka. Amma ina so ki zo.