Munduwar Inna a Cikin Ruwan Shuɗi

Ruwais, Jidda
Zulhajji 1394

Zuwa ga Yaya Larai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yaran. Yaya ciwon gwiwar? Ki yi haƙuri da rubutuna.

Saƙonki ya iso, cewa ke ce babba, ke ya kamata ki riƙe munduwar jan ƙarfen da Inna ta bari. Gaskiyarki ne. Amma Yaya, ba ni da wani abu nata sai ita. Maƙeri ya ce a raba ta biyu, na ce ba a gabana ba.

Ɗanki Abdulghani na wajena, da ke karatun kimiyya a sakandare, ya ce in ba shi aronta. Ya narka wani shuɗin gari a kwalba, ya ɗaura munduwar a waya ɗaya, zobena na azurfa a ɗayar, ya tsoma su, ya haɗa da batirin rediyo. Ni kuwa na ce idan ta narke, me zan gaya miki?

Sai ya rubuta mini layi biyu, ya sa na karanta da kaina. Na farko ya ce kowace ƙwayar jan ƙarfe a jikin munduwa tana sakin wasu abubuwa biyu, sunansu iliktiron, sannan ta faɗa ruwan. Na biyu ya ce a wajen zobe tana karɓar biyu, sai ta koma ƙarfe ta zauna. Wai kowane layi rabi ne, malaminsu ba ya karɓar ɗaya shi kaɗai.

Yaya, ina kallo zoben ya fara ja! Ba wuta, ba guduma, ban ga komai yana ƙetarewa ba. Sai tasbihi nake. Babansu yana ta dariya wai wa ke rufe azurfa da jan ƙarfe, ban ko kalle shi ba.

Na ba Hajiya Maimuna, maƙwabciyarku da ta zo aikin Hajji, munduwar ta kawo miki can garinku Fatsudan. Idan kin ga zanen jikinta ya ɗan shafe, kada ki zarge ta. Abin da ya ragu daga jikinta yana kan zoben da ke yatsana. Halas, shi ke nan, ki yafe mini wannan ɗan kaɗan.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Bashira