Sunana a Bakin Inna

Gusau, Talata

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Mannir da yara. Ƙafar Safiya ta warke kuwa? A gaida mutanen Kekun Waje.

Rabi, na jawo wa Inna rigima, na kasa zaune na kasa tsaye. Ƙungiyar manoman da muke wa aiki ni da ita ta sayo manhajar da mutum zai yi magana kwamfuta ta rubuta, aka ɗora mini sa ta a duk ofisoshinmu. Kafin ta saba da muryar ma'aikaci, sai ya karanta mata wani ɗan bayani. Ni na tsara bayanin, kuma saboda son a sani irin nawa na cusa sunana a ciki, wai Tajuddeen Umar ne ya ɗauki muryar. Kamfanin da ya sayar mana ya kulle shi a haka.

Gusau da Bungudu na gama lafiya lau. Jiya na isa ofishin Tsafe, na kawo wa Inna bayanin. Ta duba, ta gyara mayafi, ta ce maƙogwaronta na ciwo. Sai a lokacin na tuna. Ni ne ɗan fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa furta sunana ba, daga yaron nan sai yayan Rabi. Ina hankalina ya tafi?

Duk wanda bai karanta ba zuwa Juma'a kwamfutarsa za ta rufe, a ba wani kujerarsa. Kin san yadda Inna ke ji da teburin nan tun rasuwar Baba. Ki taya ni addu'a.

Yayanki,
Tajuddeen

Gusau, Alhamis

Rabi,

Sallama da fatan kun tashi lafiya. Ni dai ko abinci ba ya shiga.

Na sami shugabarmu, Madam Dibora. Da fari ta ɗauka wasa nake, da na yi mata bayani ta riƙe baki, ta kira kamfanin a gabana. Sun ce gyara sai mako mai zuwa. Na gwada tsallake sunan, manhajar ta ƙi. Binta, abokiyar aikin Inna, ta ce za ta karanta mata, amma ai muryar Binta kwamfutar za ta riƙe. Gobe zan koma Tsafe, ban ma san me zan ce mata ba.

Naki,
Tajuddeen

Gusau, Asabar

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan kowa lafiya.

Jiya na shiga ofishin Tsafe ina shirya kalaman ban haƙuri. Inna ko kallona ba ta yi ba. Ta aike ni bakin tasha sayen fura, ta tura Binta wani wuri, ta ja ƙofa. Na dawo na tarar tana shigar da sunayen manoman garin Bilbis da baki, kwamfuta na rubutawa. Kujerarta ta tsira, Rabi.

Aikina ne in saurari muryar kowa in tabbatar ta fita. Na koma gefe na sa abin ji a kunne. Ta karanta da sauri har ta zo wurin sunana, ta tsaya, na ji numfashinta. Sannan ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ga ni da gemuna na zauna ina kuka, Binta na tambaya ko wani abu ya lalace.

Da zan tafi, Inna ta ce wa Binta ta faɗa wa yaron nan ya sha furar kafin ya hau hanya.

Ƙa'idar aiki ita ce in goge muryoyin bayan na saurara. Na goge na kowa. Ta Inna kam har yanzu hannuna ya ƙi, kuma kada ki gaya mata.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar mana Inna.

Yayanki mai ƙaunarki,
Tajuddeen