Hanyar da ta cinye gonar Baba

Daren Laraba, Yelwa

Ƙafafuna zafi suke yi, barci ya ƙi zuwa. Yaya Sani ya zo daga Abuja, ya nace sai mun taka daga fadama har cikin gari ta sabuwar hanyar bakin ruwa, wai motsa jiki. Ni da nake bin ta kullum da kwandon albasa a ka!

A gindin tsamiya ya tsaya ɗaukar hoto, ya ce, "Hadiza, wagga hanya ta yi kyau. Da can mi ake nomawa a nan?"

A kan gonar marigayi Baba yake tsaye, wadda shinkafarta ta kai shi makaranta.

Na ce, "Ciyawa, Yaya."

Wallahi sai ya gyaɗa kai.