Shagon Surukar Nasrul

Kawu Darwis,

Wai tun yaushe miji ya fara mallakar ko da ƙofar banɗaki a gidan matarsa a Payakumbuh? Bari dai in gaishe ka tukuna, kada a ce ba ni da tarbiyya. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a Jakarta, Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan. Mu nan kalau, sai dai Mama ta rage cin abinci.

Abokinka Nasrul, wanda ka ce in yarda da shi ido rufe don tare kuka taso, ya karɓi rupiya miliyan ashirin kuɗin ajiya a kan shagon bakin kasuwa. Na yi fenti, na kafa katakon jera littattafai. Ranar da na kwaso kaya sai na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, ga surukarsa Hajiya Rosna zaune tana ɓare gyaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe duk karatun nan nawa ban san shagon gadon mata ne tun daga kakarta zuwa 'ya'yanta mata ba, shi Nasrul baƙo ne da aka ba wurin kwana. Gaskiyarta, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Yaron goye ma ya san a al'adarmu gida da dukiya mata suke bi, sunanka ne ya rufe mana ido.

Na sami Nasrul wurin mai kofi, ya ɗora ƙafa kan sabon babur. Wai in yi haƙuri, kuɗin sun shiga kasuwanci, kuma mutanen kirki ba sa maganar takarda. Na ce lallai kasuwancin ya yi kyau, har da madubi biyu. Wai zai haɗa ni da kai. Tir.

Ka san gonar shinkafar Mama aka jinginar don a haɗa kuɗin nan. In ba mu fanso ta kafin shuka ba, wani zai ci girbin bana, ƙanwarka kuma ta koma awo a kasuwa.

Ka gaida Inna Yusnani da su Fadli. Ƙanwata Yurni na gaishe ku.

Na ji za ka zo ƙaramar Sallah. Ba na son waya, ba na son a ja ni gefe. Ana saukowa daga Idi, a gaban dattawan dangin biyu, ka tsayar da Nasrul ya faɗi da bakinsa shagon wa ya ba ni haya, da ranar da zai biya. In ya yi shiru, kai za ka amsa, tunda kai ka tsaya masa.

Ɗanka,
Afrizal